Daga Majigi Zuwa Mai Martaba: Waiwaye Kan Tarihin Fim a Ƙasar Hausa

Wani dare cikin hutun ƙarshen zango, bayan an yi lisha an ci tuwo, muna zaune a tsakar gida a nan Daura sai 'yar autarmu mai shekara tara ta matsa lallai sai mun kalli wani fim tare da ita a wayar babarta. Fim ɗin na Indiya ne, irin waɗanda ake ɗora wa muryar Hausa a Kano. Jarumin ya sha ado irin na sarakunansu, yana bisa doki a ƙofar wata fada ta dutse, amma da ya buɗe baki sai ga Hausar Kano tsantsa, har da ba'a irin ta 'yan tasha. Yarinyar nan ta san sunan jarumin na gaskiya, ta san sunan matarsa, ta kuma lissafa mana finafinai huɗu da ya fito a ciki. Can da aka zo wurin da wani ƙaton maciji ya tare hanya, sai ta waiwayo ta ce, “Baba, wannan shi ne macijin Kusugu?” Muka yi dariya muka ce a'a, wannan na Indiyawa ne. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, “To ina fim ɗin namu?”

Ba mu da kaset ko faifan da za mu ɗauko mu kunna mata a daren, don haka muka ba ta amsar da iyaye kan bayar in an ƙure su, muka ce dare ya yi, a je a kwanta. Sai dai tambayar ta ƙi kwanciya. Ta bi mu har ɗakin malamai, ta bi mu aji inda muke koyar da adabin Hausa, daga ƙarshe ga ta ta kawo mu shafin wannan mujalla. Mun zaɓi mu kawo ta gaban 'yan'uwa marubuta ne domin da muka bi tarihin fim a ƙasar nan daki-daki, mun lura duk lokacin da ya yi wani abin kirki akwai alƙalamin marubuci a gindinsa, duk kuma lokacin da ya yi ƙasa za a tarar an bar marubucin a baya.

Majigi da dodon bango

Dattawanmu ba a sinima suka fara ganin hoto mai motsi ba. A fili suka gan shi, galibi a ƙofar fadar sarki ko ta hakimi, lokacin da motar gwamnati kan zo da inji da farin ƙyalle. Wannan shi ne majigi. Wani Bature jami'in kiwon lafiya mai suna William Sellers ne ya fara amfani da fim a Ikko don wayar da kan jama'a game da annoba tun ƙarshen shekarun 1920, kuma da aka kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen mulkin mallaka a Ingila a 1939, shi aka ɗora a kansa. Daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta kafa nata sashen a Kaduna. Abin da ake nunawa bai wuce tsaftar gida da riga-kafi da noman zamani da labarun rangadin manya ba. Akwai tafinta a gefe riƙe da lasifika yana bayani da Hausa, kuma tsofaffi sun ce sau da yawa daɗin majigin ya danganta ne ga bakin tafintan. In mai azanci ne, sai ya mai da fim ɗin haƙa masai abin dariya. Wato dai ɗora wa hoton baƙi muryar Hausa ba yau aka fara ba.

Mafi shahara a finafinan wancan zamani shi ne Baban Larai na 1955, wanda aka shirya don koyar da noman auduga da gyaɗa. Abin lura game da shi, ba a tsaya ga lacca ba, an saƙa darasin cikin labarin mutum da iyalinsa, shi ya sa har yau in aka ambaci sunan akwai dattijon da zai yi murmushi, alhali sauran ɗaruruwan finafinan gwamnati an manta ko sunansu.

Sinima ta kuɗi kuwa ta 'yan kasuwa ce, yawancinsu Kwarori. An buɗe Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a sinimar El-Duniya, mutum 331 suka hallaka, kuma mutane da yawa suka ɗauki wannan a matsayin ishara. Da aka buɗe Palace a cikin birni a 1952 an yi ta ce-ce-ku-ce. Wasu suna kiran abin dodon bango. Tun daga nan sinima ta samu tabon da bai goge ba, aka ɗauke ta matattarar 'yan iska, wurin da ɗan mutunci ba ya so a gan shi, balle a ce mace. Wannan tabo yana da muhimmanci ga tarihinmu, domin shi ya sa da bidiyo ya zo ya shiga har cikin ɗaka, ya samu 'yan kallon da sinima ba ta taɓa samu ba, wato matan aure da yara.

Daga shekarun 1950 zuwa 1960 masu sinima suka fara kawo finafinan Indiya, suka kuwa dace. Ba a jin yaren, amma ana gane komai: auren dole, kunyar suruki, attajirin da ya hana talaka 'yarsa, uwar da ta sha wuya a kan 'ya'yanta. Mother India na 1957 ya shekara da shekaru ana maimaita shi ana cika. Har laƙabi aka ba jaruman, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Mu kanmu da muka tashi a shekarun 1980 da 1990 mun ba da kuɗin tararmu a gidajen kallo na unguwa, muna zaune bisa benci janareta na ƙara a bayanmu, don haka ba mu da bakin zargin auta. Abin da ta gada ke nan.

Lokacin da littafi ya hau allo

A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar ƙaga labari, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East. Kowane ɗalibin Hausa ya haddace wannan jeri. Abin da ba a cika faɗa a aji ba shi ne, ɗaya daga cikin littattafan nan ne ya ba mu babban fim ɗinmu na farko. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da Shaihu Umar wasan kwaikwayo na dandamali, sannan a 1976 Adamu Halilu, wanda ya goge a sashen finafinan gwamnati, ya ɗauke shi a fim na sinima da harshen Hausa, daidai lokacin da ake shirin bikin FESTAC na 1977. Labarin yaro ne da aka sace aka sayar, aka ƙetare Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa har ƙarfinta ya ƙare. Babu rawa, babu leƙe-leƙe a bayan bishiya, amma duk wanda ya san zafin rabuwar ɗa da uwa ba zai ƙifta ido ba.

To, me ya faru da fim ɗin? Ɓacewa ya yi. Shekara kusan arba'in ana jin sunansa a littattafan tarihi ba a ganinsa, har sai a 2016 da aka gano naɗe-naɗensa a wani tsohon ɗakin ajiya na Hukumar Finafinai ta Ƙasa a Ikko. Wata cibiya ta Jamus mai suna Arsenal ce ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. A nan ya kamata mu ji kunya kaɗan. Littafin ya rayu domin makarantu sun ci gaba da karanta shi kuma kamfanin NNPC ya ci gaba da buga shi, fim ɗin kuwa da ba don baƙi ba da ƙura ta cinye shi. Ɗalibanmu suna amsa tambaya a kan Shaihu Umar a jarrabawa, amma da muka tambayi aji guda ko sun san an taɓa yin fim ɗinsa, babu hannu ko ɗaya da ya tashi.

Bayan wannan an ɗan ci gaba da gwadawa. Gidan talbijin na NTA Kaduna ya mai da Magana Jari Ce wasan talbijin a ƙarshen shekarun 1980, inda irin su Ƙasimu Yero suka nuna bajinta. Sadiƙ Ɓalewa ya yi Ƙasarmu Ce a 1991. A 1992 Brendan Shehu ya ɗauki Kulɓa Na Ɓarna, wasan kwaikwayon ɗan jiharmu Umaru Ɗanjuma Katsina. Sai dai fim na sinima abu ne mai cin kuɗi, ana sayo kayan aikinsa da kuɗin waje, kuma tun da darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, wannan hanya ta toshe.

Bidiyo ne ya buɗe wata. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda marigayi Aminu Hassan Yakasai ya rubuta, Salisu Galadanci ya ba da umarni. Yawancin masana daga nan suke fara ƙirga tarihin fim ɗin Hausa na kasuwa. Ya kamata matasan marubuta su san cewa a shekarun farko na wannan sana'a marubuta ne ke riƙe da linzami. Lokacin ne littattafan soyayya suke tashe, ana ta muhawara a jaridu a kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mai da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim a 1994. An ɗauki Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa, an ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Kyamarorin ba su da kyau, sauti yakan ɗauke, wani lokaci har inuwar mai ɗaukar hoto ake gani a bango, amma akwai labari mai kai da gindi, domin an riga an zauna an rubuta shi, masu karatu sun tauna shi kafin ya je gaban kyamara. Har tatsuniya an taɓa, da fim ɗin Daskin Da Riɗi na kamfanin Sarauniya.

A 1999 abubuwa uku suka faru. Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim. Sunusi Shehu Daneji ya ƙago sunan Kannywood a mujallar Tauraruwa. Sannan kamfanin Sarauniya ya fitar da Sangaya, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki. Fim ne mai kyau a zamaninsa, labarin ɗan sarki da baiwar gidansu, kuma waƙarsa ta game ƙasa har ƙetare iyaka. Ba laifin Sangaya ba ne abin da ya biyo baya, laifin darasin da 'yan kasuwa suka ɗauka daga gare shi ne. Dillalan kaset suka gane waƙa ke sayar da fim. Daga nan sai aka juya tsarin: a fara yin waƙoƙi uku ko huɗu, a nemo jarumi da jarumai mata biyu, sannan a nemi ɗan labarin da zai haɗa su. In labarin ya ƙi zuwa, a sa kaset ɗin Indiya a kwafe. An yi shekarun da ake zuwa wurin ɗaukar fim ba tare da ko takarda ɗaya ba, darakta ya tara 'yan wasa ya ce wa wannan, kai za ka yi fushi, ke kuma za ki yi kuka, kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Marubucin da ya fi kowa shan wahala ya koma wanda ya fi kowa ƙarancin lada, wani lokaci ko sunansa ba a sawa.

Sauran tarihin mai karatu ya san shi, ba sai mun tsawaita ba. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. Satar fasaha ta karya kasuwar faifai. A 2016 gwamnatin tarayya ta yi niyyar gina ƙauyen shirya finafinai a Kofa ta jihar Kano, aka yi ca a kanta, ta janye. Kamfanoni irin su Algaita suka shiga ɗora wa finafinan Indiya muryar Hausa, 'yan kallo suka ga tun da ga asalin a harshensu, me za su yi da kwafi? Abin da ya farfaɗo da sana'ar daga baya shi ne dogon zango, irin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 da Labarina na Aminu Saira, kuma dogon zango ba ya yiwuwa sai da rubutu, domin ba a iya jan labari mako-mako har shekara da ka. Ta wannan ƙofa marubuci ya fara komowa.

Abin da wasu suka yi da nasu

Kafin mu dawo gida, bari mu leƙa wurare biyu. Na farko kusa ne. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine, wadda ta riƙa ƙone garuruwa a kan hanyarta ta zuwa Tafkin Chadi, ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, cikin ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi. Watanni kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe hafsoshin nan biyu a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa, wato ba wani nisa daga nan Daura. Marubucin Nijar Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin Sarauniya a littafi da Faransanci a 1980. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da shi fim a 1986, ya kuma ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. A Burkina Faso aka ɗauke shi, kuma ba da Hausa Sarauniyar ta yi magana ba. Ga labarin ƙasar Hausa ya zaga duniya, amma da bakin wasu.

Na biyu nesa ne, ƙasar Nepal, wadda ke maƙale a jikin Indiya ta arewa. In mu da ke da nisan dubban mil finafinan Bombai sun cika mana gida, ina ga wanda katangarsu ɗaya? Su ma kamar mu gwamnati ce ta fara yi musu fim a cikin ƙasa, Aama na 1964, kuma su ma sun daɗe suna kwaikwayon maƙwabciyarsu. Amma fim ɗin da ya kai sunan ƙasar zagayen ƙarshe na gasar Oscar a shekarar 2000, wato Himalaya, labarin fataken gishiri ne na yankin Dolpo, inda tsohon madugu da wani saurayi suke jayayya kan wanda zai ja ayarin shanun dutse ya ƙetare tsaunuka kafin ƙanƙara ta rufe hanya. Yawancin 'yan wasan mutanen ƙauyen ne. Gaskiya daraktan Bafaranshe ne, Eric Valli, kuma kuɗin ma akasari daga Turai suka zo. Duk da haka duk Bahaushen da ya ji wannan labari zai tuna da ayarin raƙuman gishirin Bilma da madugu uban tafiya. Kayan da aka yi fim ɗin da su muna da irinsu jibge, kakanninmu sun yi fataucin Gwanja da na Agadas.

Daura a gaban kyamara

A ƙarshen 2024 kwamitin da ke zaɓar wa Nijeriya fim ɗin da za ta tura gasar Oscar ya zaɓi Mai Martaba, wanda Prince Daniel, da aka fi sani da Aboki, ya ba da umarni, Adam A. Zango kuma yana cikin manyan 'yan wasansa. Da Hausa aka yi shi, kuma a nan Daura aka ɗauke shi. Dalilin da ya sa harshe ke da nauyi a wannan gasa shi ne ƙa'idar rukunin finafinan ƙasashen waje ta ce dole mafi yawan maganganu su kasance ba da Turanci ba. A kan wannan ƙa'ida aka fitar da Lionheart na Genevieve Nnaji a 2019. Shekara guda bayan haka Nijeriya ta tura The Milkmaid, wanda akasarinsa da Hausa ne. Mai Martaba bai shiga jerin goma sha biyar da aka tace ba, amma wannan bai rage mana komai ba. An ga dawakinmu da kayan hawansu, an ga gine-ginenmu na ƙasa, an ga ashe garin nan yana ɗaukar kyamara.

Abin da ya tsaya mana a rai ɗaya ne. Labarin fim ɗin na wata ƙagaggiyar masarauta ce mai suna Jallaba, inda ake rikicin gadon sarauta bayan sarki ya nufi ɗora 'yarsa. Ba mu ga laifin mai fim ba, ƙago gari yakan kare mutum daga ɓacin ran masu gari. Amma a ce an zo garin da jerin sarakunansa ya fara da mata, tun daga Kufuru har zuwa Daurama, garin da har gobe sarautar Magajiya take da daraja a fada, a ari katangunsa don ba da labarin sarautar mace a wata ƙasar da babu ita! Daura ta ba da jiki, ba ta ba da labari ba. Kuma ba za ta bayar ba sai 'ya'yanta masu alƙalami sun rubuta shi a sigar da mai kyamara zai iya ɗauka.

Mu ɗauki labarin Bayajidda, wanda kowane ɗan firamare ya sani. Yadda muke ba da shi a aji ya zama kamar jerin tashoshin mota: Bagadaza, Barno, Garun Gabas, Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan Daura, gidan tsohuwa Ayana, rijiyar Kusugu da ba a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya kashe maciji, ya auri sarauniya, shi ke nan. Wanda zai yi fim da wannan jeri, abin da zai samu bai wuce maciji na roba da takobi na kwali ba. A ganinmu wasan yana gaba da kisan macijin. Daurama ta ba mijinta kuyanga, Bagwariya. Bagwariya ta haifi ɗa namiji ta sa masa suna Karɓagari. Ku tsaya ku ji wannan suna da kunnen sarauniyar da ta mallaki garin tun kafin baƙon ya zo. Sai ita ma ta haihu ta sa wa nata Bawo, wato a mayar da abin da aka karɓa. Mata biyu suna yaƙin gadon ƙasa, makaminsu sunan jarirai. Shekara ashirin da ɗoriya masu fim ɗinmu suna aro labarin mata biyu da namiji ɗaya daga Indiya, ga shi kuwa a gindin tarihinsu, da nauyin da na aron ba shi da shi. Masana tarihi suna da ja a kan ko Bayajidda mutum ne guda ko alama ce ta zuwan wasu baƙi da sauyin mulki daga mata zuwa maza. Wannan ja ba ya hana marubuci aiki, ƙara masa fili yake yi.

Akwai kuma labarin da muka fi so, wanda ba tatsuniya a cikinsa. Wajen 1805, a zamanin jihadi, Malam Isiyaku ya ci Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita. Zuriyarsa ba ta watse ba. Suka kafa sarauta a Zango da Ɓaure, suna hangen birnin kakanninsu daga tafiyar yini guda, ga Damagaram ta arewa tana matsa musu. Haka aka yi shekara ɗari. Sai da Turawa suka zo, tsakanin 1904 da 1906, aka ɗauko Malam Musa daga Zango aka mai da shi gadon Daura, abin da bai faru a Kano ko Katsina ko Zazzau ba. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 har 1966. M. G. Smith ya tattara wannan tarihi a littafinsa The Affairs of Daura na 1978, wanda da Turanci yake, kuma a ɗakunan karatu na jami'o'i aka fi samunsa. Ku duba abin da ke ciki: yaron da aka haifa a gudun hijira yana jin labarin garin da bai taɓa kwana a ciki ba, bafaden da ke da dangi a ɓangarorin biyu, ranar komowa da abin da ta zama ga waɗanda suka yi shekara ɗari suna mulki su ma suka ɗauki garin nasu. Mun san abu ne mai ƙaiƙayi, jikokin kowane ɓangare suna nan da ransu, wasu ma a aji ɗaya muke koyar da su. Wanda zai rubuta shi sai ya yi sallama a fada, ya zauna da dattawan Zango da na Ɓaure da na cikin gari, ya kuma ba kowane ɓangare mutuncinsa. Aikin shekara biyu ne ko uku, ba na hutun mako ba.

Sannan sai mun yarda cewa rubutun fim sana'a ce dabam da rubutun littafi. A littafi muna iya cika shafi uku da abin da ke zuciyar Daurama. A fim ba a ganin zuciya, sai abin da hannu ya yi da abin da baki ya faɗa. Mun gane haka ne da muka gwada da ɗalibanmu na ƙungiyar wasan kwaikwayo a zangon da ya wuce. Muka ce su rubuta fitowa ɗaya tak, safiyar sunan ɗan Bagwariya, kada ta wuce minti biyar. Rubutun farko da suka kawo, Daurama ta yi jawabi na shafi biyu tana bayyana baƙin cikinta, har da karin magana bakwai. Muka ce a rage. Suka rage ya koma shafi ɗaya. Muka ce a ƙara ragewa. Ana cikin gardama sai wata yarinya 'yar aji biyar, wadda ba ta cika magana ba, ta ce ita a ganinta sarauniya ba za ta ce komai ba a gaban bayi. Jakadiya za ta durƙusa ta faɗi sunan, Daurama tana riƙe da ƙoƙon fura, sai ta ajiye shi a hankali ba ta sha ba, ta ce a kai wa mai jego goro. Ajin ya yi tsit. Wani yaro ya ce to ai ba a yi komai ba ke nan, sauran suka yi masa ca.

Mun ɗauki fitowar da wayar wani malami a bayan ɗakin gwaje-gwaje, da zannuwan da yaran suka aro daga gida, iska tana ta kaɗa murya. Da muka kai gida muka nuna wa auta, ta kalla sau uku. Ta ce Bagwariyar ta fi sarauniyar kyau, ta tambayi dalilin da ya sa ba a sha furar ba, sannan ta ce saura wurin macijin.